Yadda zaka gane ma'anonin kalmar "up" ta Turanci ba tare da kanka ya kulle ba

Tun ranar da na rubuta wa yaran lesin ɗinmu na yamma jimloli biyar a allo, kowacce da "up" a cikinta, nace su fassara min, ake ta bina da tambaya ɗaya, daga 'yan JAMB har iyayen da suke zuwa ɗaukar yara, wai malam ita wannan kalmar guda nawa ce? Tun firamare an ce mana "up" sama, "down" ƙasa, mun haddace mun wuce, sai gashi ana cewa "time is up" alhali lokaci baya hawa bishiya, ana cewa "shut up" kuma ba rufin ɗaki ake nufi ba. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, toh bari in jera muku yadda nake koyar da ita daki-daki. Ba tarihin kalmar zan kawo ba, aiki zamu yi, kuma dan Allah a bi matakan a jere kada a tsallake.

1. Tanadi kayan aiki

Littafin rubutu ɗaya mai falle 40 ko 60 wanda ba zaka haɗa shi da komai ba, da biro kala biyu, shuɗi da ja. Sai ƙamus na masu koyon Turanci, irin Oxford Advanced Learner's ko Longman, domin su ne suke kawo misalin jimla a ƙarƙashin kowace ma'ana. Sabo yana da tsada yanzu gaskiya, amma na hannu ma ya isa ko da tsohon bugu ne, wajen masu sayar da tsofaffin littattafai zaka samu da sauƙi. In ba hali ƙamus ɗin Cambridge na intanet kyauta ne, data kaɗan yake ci, kuma yana da wajen da zaka danna kaji yadda ake furta kalma, wanda zai maka amfani a mataki na 7. Babban kuɗin da zaka kashe lokaci ne, minti 15 kullum.

Gargaɗi: ɗan ƙaramin ƙamus na aljihu mai Turanci zuwa Hausa ba zai maka wannan aikin ba, zai ce maka sama kawai ya rufe baki. Haka ma jefa kalmar ita kaɗai cikin manhajar fassara, in zaka saka, saka jimlar gaba ɗaya.

2. Fara cire "sama" daga kanka

Kafin ka taɓa Turancin, buɗe shafin farko ka rubuta kalmar ci da jan biro, ka jera duk abin da Bahaushe yake ci. Yana cin tuwo, yana cin jarrabawa, yana cin bashi, yana cin amana, yana cin zaɓe, yana cin mutunci, kasuwa tana ci, wuta tana ci, aiki yana ci gaba. Ko tashi: ka tashi daga barci, jirgi ya tashi, farashin masara ya tashi, an tashi daga makaranta, hankalin uwa ya tashi, unguwa an tashe ta. Yanzu ka ɗauka wani Bature aka koya masa cewa ci na nufin saka abu a baki a tauna, sai yaji ance wane ya ci amanar wane, ai sai ya tambaya da miyar me.

Abin da muke yi wa "up" kenan. Kai ba ka taɓa ruɗewa da ci ba saboda kunnenka yana jiran kalmar da zata biyo baya kafin ya yanke ma'ana. Wannan ɗabi'ar kawai zaka ɗauko ka kai Turanci, sai dai a can yawanci kalmar da ta zo kafin "up" zaka duba.

3. Duba wa take rakiya

Duk inda ka ganta a jimla, ja layi da ja ƙarƙashinta, sannan ka koma baya ka nemo aikatau ɗin, wato kalmar aiki ("verb"), da take tare da shi ka ja masa layi shima. Su biyun nan kalma ɗaya ce a wajen ma'ana, turawa suna kiran irinsu "phrasal verbs", kuma da wannan sunan zaka gansu a littattafan WAEC da NECO. Wani lokaci suna manne, kamar "wake up", wani lokaci an raba su da nisa, kamar "she picked the children up", toh a nan "picked" da "up" ne ma'auratan ko da yara sun shiga tsakani.

A ƙamus ma ba ƙarƙashin harafin U zaka je ba. In "give up" kake nema tafi wajen "give", ka gangara ƙarshen bayanin, a nan ake jera su. Ɗalibai da yawa a nan suke ɓata lokaci, su buɗe shafin "up" su ga ma'anoni sun cika shafi su rufe littafin suce Turanci ba nasu bane.

4. Raba su gida-gida

Wannan shine zuciyar aikin, a nan zamu daɗe. Ware shafi biyu ga kowane gida.

Gidan farko na tashi da miƙewa ne, wanda yafi kusa da abin da aka koya mana. "Stand up" miƙe, "sit up" gyara zama ka miƙar da baya, "get up" tashi daga kwance, "go up" hau, "look up" ɗaga kai. Lura akwai bambanci tsakanin "wake up" da "get up", na farko farkawa ne, na biyu barin shimfiɗa, kana iya farkawa da kiran assalatu amma baka tashi ba sai da gari ya waye, wannan kuma tsakaninka da Allah. Wannan gidan baya wahala.

Gida na biyu ƙari ne. Duk abin da ya ƙaru turawa suna ganinsa kamar ya hau, mu ma ai haka muke cewa kaya sun hau. "Prices have gone up" farashi ya tashi. "Turn up the radio" ƙara murya. "Speak up" ɗaga murya. "Speed up" da "hurry up" ƙara sauri. "Top up" ƙara kati ko data a waya. "Grow up" girma. "Cheer up" saki ranka. "Warm up" ɗumama, ko motsa jikin da 'yan ƙwallo suke yi kafin a take wasa.

Gida na uku shi nafi so, domin a nan Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin kuma ba kowane malami yake nuna wa yara ba. Mene ne bambancin ci da cinye? Sha da shanye? In kace yaro ya sha kunu, ƙila akwai saura a kofi, in kace ya shanye, shikenan sai wanke kofi. Wannan 'yar wasalin da muke canzawa a ƙarshen aikatau don nuna an gama da abu kakaf, ita ce "up" take yi musu. "Eat" ci, "eat up" cinye. "Drink" sha, "drink up" shanye. "Buy" saya, "buy up" saye, irin yadda 'yan kasuwa suke saye hatsi da kaka su ɓoye. "Use up" ƙarar da abu, "dry up" ƙafe kamar rijiya da bazara, "fill up" cika taf, "lock up" kulle ko'ina, "clean up" share tas, "burn up" ƙone ƙurmus. Ranar da na fara nuna wannan a aji wata yarinya dake zama a baya, wadda bata cika magana ba, ta ɗaga hannu tace malam kenan "shut up" rufe baki ne ruf. Nace mata kin gama, je ki zauna. Kuma daga nan zaka gane "time is up", lokaci ne ya ƙare.

Gida na huɗu matsowa da bayyana. Kamar yadda muke cewa tafi da taho, fita da fito, "up" tana jawo abu kusa ko ta fito da shi fili. "He walked up to me" ya tako har gabana, babu wani tudu da ya hau. "Show up" da "turn up" mutum ya bayyana a inda ake jiransa. "Something came up" wani uzuri ya taso, wannan ita ce jimlar da ma'aikata suke fakewa da ita in ba za su zo ba. "Catch up" cimma wanda ya riga ka, "keep up" kada a bar ka a baya.

Gida na biyar kuma abu biyu ne masu karo da juna suke zaune a ciki, haɗawa da wargazawa. "Set up" kafa, "line up" shiga layi, "team up" haɗa kai, "pack up" tattara kaya, "add up" haɗa lissafi. A ɗaya ɓangaren "tear up" yayyaga, "cut up" yayyanka, "break up" rabuwa musamman ta saurayi da budurwa, "blow up" fashewa. Kada ka tsaya neman dalilin da yasa kalma ɗaya take haɗawa kuma take rabawa, haka suka gada.

Gargaɗi: kalma ɗaya tana iya zama a gida biyu ko uku. Ka ga "turn up" ta fito a gidan ƙari ta kuma fito a gidan bayyana. Rubuta ta a duka biyun, kowacce da jimlarta. Kuma kada ka taɓa rubuta kalma tsirara da fassara a gefe, sai da cikakkiyar jimla, in ba haka ba bayan sati biyu ba zaka tuna wacce ma'anar kake nufi ba.

5. Ware 'yan taurin kai

Akwai waɗanda ko ka juya su yaya ba za su shiga kowane gida ba, waɗannan hadda ce kawai, kamar karin magana. Ka basu shafukan tsakiyar littafi.

"Give up" sarewa ko daina abu, kuma aikatau ɗin da zai biyo ta da "ing" yake ƙarewa, "he gave up smoking" ya bar shan taba. "Put up with" haƙuri da abin da baka so. "End up" inda aka ƙare daga baya. "Own up" amsa laifi. "Fed up" an kai maƙura an gaji. "Take up" fara wata sana'a ko al'ada, ko kuma cinye wuri da lokaci.

Sai manyan da kowannensu ya kai a bashi shafi guda. "Make up" tana nufin ƙirƙiro labarin ƙarya, tana nufin shiryawa bayan faɗa, tana nufin kwalliyar fuska, in kace "make up your mind" yanke shawara ne, in kace "make up for" rama abin da ya wuce ne. "Pick up" ɗaukar abu daga ƙasa, ɗauko mutum a mota, ɗaga waya, tsintar yare a kunne ba tare da zuwa aji ba kamar yadda yaran Sabon Gari suke tsintar Hausa, har kasuwa in ta fara farfaɗowa ita ake faɗa. "Bring up" renon yaro, ko tayar da magana a zama. "Look up" bayan ɗaga kai, tana nufin duba kalma a ƙamus, "look up to" kuma ganin girman mutum ne, "things are looking up" al'amura sun fara kyau.

Gargaɗi: wasu suna da ma'anar da zata baka kunya. "Throw up" amai ne, ba jefa abu sama ba. "Hold up" mu a Najeriya cunkoson motoci muke nufi, amma a Amurka in kace an yi shi a banki, fashi da makami za a fahimta. "Hook up" asalinta haɗa na'ura ko haɗa mutane, amma a bakin matasan yanzu ta koma maganar lalata, kada ka rubuta wa mace ko ogan ka ita da nufin mu haɗu, "meet" kawai ta isa. "Shut up" kuma zagi ce a gaban babba, in shiru kake roƙo kace "please be quiet".

6. Koyi inda ake ajiye ta

Yawancin waɗanda suke ɗaukar abin da aka yi wa aiki, kana da zaɓi biyu, "pick up the book" ko "pick the book up", duka daidai ne. Amma da zarar ka maye sunan da "it" ko "him" ko "her" ko "them", dole ya shiga tsakiya. "Pick it up", "wake him up", "look it up". Cewa "pick up it" kuskure ne da masu makin suke gani tun daga nesa.

Masu kalma uku kuma yawanci ba a raba su, "put up with him", "look up to her", "catch up with them". Ƙamus mai kyau yana nuna maka wannan, a Oxford zaka ga 'yar kibiya mai kai biyu a tsakanin kalmomin da ake iya juyawa. Kwafi alamar nan cikin littafinka.

Gargaɗi: akwai inda muke cusa "up" ba a gayyace ta ba. "Cope up with" ta zama ruwan dare a bakinmu amma daidai shine "cope with". "Raise up your hand" ma "raise your hand" ta wadatar. Fom ba a yi masa "fill up", tankin mota ake yi wa, fom "fill in" ne ko "fill out". Akwai kuma inda muke yar da ita alhali ana buƙatarta, irin "he didn't pick my call", wajen turawa "he didn't pick up" ne ko "he didn't answer".

7. Gyara baki: "up" da "off"

Wannan matakin namu ne mu Hausawa, littattafan da aka rubuta a Ingila ba za su faɗa maka ba. Harshenmu baya raba P da F, shi yasa da yawanmu "up" da "off" duk abu ɗaya suke fita, of. Matsalar kuma ita ce ma'anarsu sau da yawa kishiyar juna ce. "Turn up" ƙara, "turn off" kashe. "Show up" zuwa, "show off" nuna isa da burga. "Take up" fara, "take off" cire kaya ko tashin jirgi. "Set up" kafa, "set off" kama hanya. "Call up" kira, "call off" soke taro ko janye yajin aiki.

Ni kaina ta taɓa cina. Lokacin ina yaron shago a wani wajen sayar da kayan wuta, wani baƙo yana gwada rediyo yace min "turn it up", ni kuma kunnena ya jiyo of, na miƙa hannu na kashe, ya kalle ni ya sake faɗa, na sake tabbatar masa ai a kashe take, har na zare soket ɗin na nuna masa. Sai da maigidan ya taso daga kan kujera ya murɗa da kansa, ya bini da wani kallo da har yau ban manta ba.

Gyaran ba wuya. Tsaya gaban madubi. In zaka ce "up" leɓɓanka biyu su haɗe ruf a ƙarshe, iska ta tsaya cak. In zaka ce "off" haƙoranka na sama su sauka kan leɓen ƙasa, iska ta ci gaba da fita kamar tayar da ta yi faci. Wasalin farko ma daban ne, na "up" ya fi kusa da a ɗinmu gajere, na "off" ya fi kusa da o. Jera su bibbiyu ka faɗa sau goma goma, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, ka kwatanta da na ƙamus ɗin Cambridge. Kwana uku na farko zaka ji kamar baka san bakinka ba, ci gaba kawai.

Gargaɗi: "round up" da "round off" suna yawan kayar da 'yan jarrabawa. Masu gabatar da taro a nan kullum "let me round up" suke cewa in za su rufe jawabi, amma kammalawa "round off" ce. "Round up" tattaro mutane ko dabbobi ne, irin kamen da 'yan sanda suke yi, ko cike lamba zuwa ta sama a lissafi.

8. In ta tsaya ba aikatau a bayanta

Wani lokaci zaka ja layi ka koma baya ka tarar ba kowa sai "is" ko "are". "She is up" ta tashi daga barci. "The network is up" sabis ya dawo. "We are two goals up" muna gaba da ci biyu. "It's up to you" ya rage naka. "What are you up to?" me kake ƙullawa, ko kawai me ake ciki. "What's up?" gaisuwar abokai ce irin ya ne, kuma daga ita aka samo sunan WhatsApp da aka kafa a 2009, ba a yi wa malami ko suruki ita. "Ups and downs" yau daɗi gobe wuya. "Up to date" abin da yake tafiya da zamani ko bayanan da aka sabunta.

"Up to" in lamba ta biyo ta tana nufin har zuwa, bai wuce ba. In shago ya manna "up to 50% off", ba cewa yayi komai rabin kuɗi bane, ƙila kaya ɗaya ne tak aka yi wa wannan ragin sauran kuma kashi 5. Kamfanonin data ma da ita suke tallan gudun intanet ɗinsu.

Sai wadda kowane ɗan Najeriya ya sani tun yana yawo ba wando, "Up NEPA" in an kawo wuta, har yau ana ihunta duk da tun 2005 aka canza wa hukumar suna zuwa PHCN. Wannan "up" ɗin kirari ce, daidai da sai wane a bakin 'yan siyasa, ita ce kuma ta gidan kallon ƙwallo, "Up Chelsea", "Up Gunners". A hira ta yi, a takardar jarrabawa kada ta shiga.

9. In ta koma suna

Da yawansu suna rikiɗa su zama sunan abu, sai rubutun ya canza. Aikatau a rabe ake rubuta shi, suna kuma a haɗe ko da 'yar karan ɗori. "Back up your phone" aiki ne, "a backup" abu ne. Haka "make up" da "makeup", "set up" da "setup", "check up" da "check-up" na asibiti, "pick up" da "pickup" wato motar da muke kira a-kori-kura. A baki kuma suna a gaɓar farko ake danna murya, aikatau a kan "up" ɗin. In kana shakkar ko a haɗe ne ko da karan ɗori, duba ƙamus, Ingila da Amurka ma ba kullum suke daidaitawa ba.

10. Aikin kullum

Kowace rana ɗauki guda uku kacal. Na ga masu zafin nama da suke kwafe hamsin a dare ɗaya, ranar Juma'a ko biyar basu riƙe ba. Samo su daga abin da kake karantawa dama, labarin ƙwallo, saƙon banki, fim mai rubutu a ƙasa, tsofaffin takardun tambayoyin JAMB. Kwafi jimlar da shuɗi, ja layi da ja, yanke gidan da zata shiga kafin ka buɗe ƙamus, sannan ka duba ko ka canka. Bayan nan rubuta taka jimlar a kan rayuwarka, da sunan unguwarku da abin da ya faru yau, irin "the borehole in our street has dried up", wannan ita take zama a ka.

Ranar Asabar kada ka ƙara sabo. Rufe ɓangaren Turancin da hannu, karanta Hausar, ka gwada dawo da jimlar da baki, da ƙarfi, don leɓɓan nan su saba haɗewa. Wadda ta kuɓuce maka sa mata ɗigo ja a gefe, ita zaka fara da ita ranar Litinin.

Gargaɗi ga 'yan jarrabawa: in an baka jimla da gurbi da zaɓi huɗu irin "up", "off", "out", "in", kada ka zaɓa da kunne, kunnenmu ya saba da Turancin titi. Fassara jimlar zuwa Hausa a zuci tukuna, ka tambayi kanka ƙari ake nufi, ko ƙarewa, ko bayyana, ko sokewa, sannan ka shafa amsa. In kuma wasiƙar neman aiki ce ko rubutun ofis, yawancinsu suna da takwara mai kalma ɗaya da ta fi dacewa da wajen, "tolerate" a madadin "put up with", "establish" a madadin "set up", "invent" a madadin "make up". Buɗe musu layi na uku a littafin ka riƙa rubuta su a gefen kowacce tun daga makon farko.